Illiya Na-Sani da Jakunkunan Fatar Raƙumi

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Agadas, can gefen hanyar Dabaga, ya san Illiya Na-Sani. Ba ranar suna aka raɗa masa wannan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa mota ta lalace, ya ce, "Na sani." Ka ce masa matarka ta haihu, ya ce, "Na sani." An taɓa gaya masa rigarsa ta kama wuta ta baya, ya ce, "Na sani," sannan ya ƙwala ihu.

Babu sana'ar da bai taɓa ba, babu kuma wadda ta gode masa. Ya yi yaron mota zuwa Dirku, direba ya dawo ba shi. Ya tafi haƙar zinariya, ya komo da tari da takalmi ƙafa ɗaya. Ya yi kiwon kaji, kajin suka yi ƙaura gidan maƙwabta da ƙafarsu. A shekarar da wannan abu ya faru yana da ɗan tebur na kayan waya a bakin titi, wanda ƙudaje suka fi masu saye ziyarta. Gidan kuwa matarsa Suwaiba ce ke riƙe da shi da wanki da guga. Ita ke ciyar da shi da ƴaƴansu biyu: Nafi, wadda za ta shiga ajin jarrabawa, da Mubarak, wanda a shekarar ne zai fara taka lakwal, wato makarantar boko.

Hutu ya zo ƙarshe, rantire ta matso, wato ranar komawa lakwal. Kasuwa ta cika da kaye da bik da kiriyo, wato littattafan rubutu da biro da fensir, da jakunkuna masu hoton ƴan ƙwallo. A fadar da maza ke shan shayi ƙarƙashin dogon-yaro ba a zancen komai sai wannan. Ga kuma wani labari: direkta, shugaban lakwal, ya aiko cewa ranar rantire iyaye za su zaɓi sabon shugaban ƙungiyarsu, tunda tsohon ya koma Aderbissinat da zama. Matan unguwa sun riga sun tsayar da Ramata mai ƙosai, dattijuwar da ke suya a gefen fadar, mai jikoki uku a lakwal ɗin da harshe ɗaya mai kaifin aska.

Bahago mahauci ne ya fara ƙorafi. Ya ce, "Jakar da na saya wa yarona bara, ko sanyi bai shigo ba ta yage. Sai ka ce da ganyen albasa aka ɗinka ta."

Illiya ya kurɓi shayin da ba shi ya kawo sukarinsa ba, ya ce, "Na sani. Ku mutanen Agadas kuna ba ni kunya. Garin fata, garin raƙumi, amma kuna rataya wa ƴaƴanku leda mai hoto. Ni zan yi wa yaran unguwar nan jaka ta fatar raƙumi. Orijinal. Yaro ya shiga ajin farko da ita, ya gama karatu da ita, ya bar wa ɗansa gado."

Ramata ta juya ƙosai ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Illiya, ka taɓa jimar fata?"

"Na ga ana yi."

"Ni ma na ga ana tuƙa jirgin sama."

"Inna Ramata, ki tsaya kan kaskonki."

"Ina kansa. Shi bai taɓa kunyata ni ba."

Fada ta kwashe da dariya. Illiya ya miƙe, ya gyara hula, ya jefa kalmar da ya san tana kwantar da hankalin kowa. Ya ce, "Kyauta zan yi. Ba na son ko goro. Abin da nake so kawai, ranar zaɓe kowa ya tuna wanda ya rufa wa ɗansa baya."

Dariya ta tsaya. An san Illiya, an san aikinsa, amma kyauta kyauta ce. Mutum zai ƙi abokin da ya ba shi shawara, ba zai ƙi maƙiyin da ya ba shi banza ba. Kafin a wanke kofuna, magidanta da dama sun ce a sa ƴaƴansu ciki.

Washegari ya tafi mayanka. Bahago ya nuna masa fatar wani tsohon amale da aka yanka da asuba, wadda majema suka duba suka wuce. Kaurinta ya kai tafin hannu, nauyinta ya kai na jaki.

Bahago ya ce, "Ka kai wa majema su gyara maka. Sun ce irin wannan tana cin makonni."

Illiya ya ce, "Majema malalata ne. Abin da suke yi a wata, ni kafin Juma'a na gama."

Ɗan kabu-kabu na farko ya tsaya, ya shaƙi iska, ya ja babur ba sallama. Na biyu ya ce shi mutane yake ɗauka. Na uku ya tambaya wanne ne fasinja, wanne ne mushen. Dole Illiya ya naɗe fatar ya ɗora a ka, ya ratsa gari da ƙafa, ruwan jini na bin wuyansa, ƙudaje na biye da shi kamar ƴan rakiyar ango.

Suwaiba tana tsakar gida tana matse kayan mutane ya shigo ya jibge ta a gabanta. Ta ja da baya, ta toshe hanci da gefen zane.

"Baban Nafi, mi ne ne wannan?"

"Makomar ƴaƴanki."

"To makomarsu wari take. Na riga na saya musu kaye da bik da ardwaz, ɗan allon rubutun nan, suna cikin akwati. Jaka ce kawai ta rage, in na kai wankin nan zan biya kasuwa. Ka mayar da wannan inda ka ɗauko."

"Ke dai ba ki da hangen nesa. Matar shugaba za ki zama, kina maganar kasuwa."

Bai jira amsa ba. Ya juye babban bahon wankinta, ya cusa fatar a ciki, ya cika da ruwa. Ya ji ana cewa majema na sa bagaruwa da toka, sai ya zuba. Ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara kanwa. Ya ƙara gishirin Bilma. Ya ƙara sabulun wankin Suwaiba duka. Ya tsaya ya yi tunani irin na manyan masana, ya je wajen mai gyaran mota ya roƙo ruwan tsohon batir, ya tuttula. Bahon ya yi kumfa, ya yi wani ƙara kamar cikin mai zawo.

"Kin ji? Ya fara aiki."

Ya kuwa fara. Kafin rana ta biyu ta faɗi, wari ya haura katanga ya shiga gidajen mutane ba sallama. Maƙwabta suka daina cin abinci a tsakar gida. Mai sayar da madara ta canza hanya. Liman ya aiko ladan ya tambaya ko an yi rasuwa a gidan ba a sanar ba. Wata mata da ta daɗe tana kawo wa Suwaiba wanki ta dawo da shaddar mijinta riƙe da yatsu biyu, ta ce mutumin ya sa ta ya je ofis, aka ba shi hutu. Ta kwashe sauran kayanta ta tafi, ta kuma gaya wa ƙawayenta.

Suwaiba ta ce, "Ka kore mini masu wanki. Da mi za mu ci?"

Illiya ya ce, "Na sani. Ƙaramin abu ne." Ya shiga ɗaki ya ɗauko kwalbar humrar da take ɓoyo tun aurensu don ranar biki, ya juye a bahon.

Warin bai tafi ba. Sai dai yanzu ya zama warin mushen da ya yi kwalliya.

Ramata ta leƙo ta ƙofa da mayafi a hanci. Ta ce, "Sannu da aiki, Illiya. Na zo in yi maka godiya. Tun da ka fara, ƙuda ko ɗaya bai sauka kan ƙosaina ba. Duk suna nan wajenka."

"Ki yi dariyarki. Ranar zaɓe za ki ga hannuwa."

"Ina ganinsu tun yanzu. Duk suna kan hanci."

Da Juma'a ta zo, ya ciro fatar. Gashi ya zube a wasu wurare, a wasu ya tsaya tsaye. Ta yi santsi, ta yi laushi kamar tumbi. Illiya ya daddanna ta da yatsa, ya ce ko a Makka ba a samun irin wannan laushi. Ya yanyanka ta da wuƙar ɗakin girki, ya kai wa telan bakin titi. Tela ya sa allura, ta karye. Ya sa wata, ta karye. Ya sa ta uku, keken ya yi tari ya tsaya. Telan ya ɗauki almakashi ya yo kansa, Illiya ya ɗauki fatarsa, kuma duk unguwa ta shaida cewa ya fi gudu da kaya a ka.

Ya dawo gida ya ce dama ɗinkin keke na ragwaye ne. Ya samo basilla, ya yanko siraran igiyoyi daga fatar ya mai da su zare, ya zauna yana huda yana ja. Ya soki yatsansa har ya daina ƙirgawa. Abin da ya fito daga hannunsa, in ka kalle shi ta gaba ya yi kama da jaka, ta gefe ya yi kama da salka, ta baya kuwa ya yi kama da abin da bai kamata a nuna wa yara ba. Kowace tana da murfi mai faɗi da ke rufe bakinta, duk jiƙe sharkaf.

Nan ne babbar dabararsa ta zo masa. Ya bi gida gida yana bayani.

"Ku kawo kayan yaranku. Kaye, littafi, ardwaz, bik, komai. A zuba a ciki tun tana ɗanya, a rufe, a shanya. In ta bushe sai ta ɗauki siffar kayan daidai, ba ƙari ba ragi. Haka ake yi a Turai."

Bahago ya ce, "Ba za su jiƙe ba?"

"Danshin kalite ne, na inganci. Yana ƙara wa takarda ƙarfi."

Suka kawo. Mutanen da suka yi ta tara guminsu tun damina don sayen kayan nan, suka miƙa wa Illiya da hannunsu. Ramata ce kawai ta ce jikokinta leda ta ishe su. Suwaiba ma ta ce ko bik ɗaya ba zai taɓa ba, ta kulle akwati, ta fita neman masu wankin da suka gudu. Yana jin ta rufe ƙofa ya ɓalle kwaɗon da basilla.

Nafi ta riƙe littafin karatunta a ƙirji. Ta ce, "Baba, bana jarrabawa gare ni. Don Allah ka bar mini wannan."

"Shi ya sa naki zai fi na kowa tsaro." Ya zare shi daga hannunta, ya cusa, ya rufe murfi, ya danne da gwiwa.

Ya jera jakunkunan a kan soro. Ranar Oktoba ta Agadas ba ta wasa da kowa, ta sauko musu da dukan ƙarfinta. Ungulaye suka fara shawagi a sama, Illiya ya zauna da sanda yana korarsu, yana gaya wa masu wucewa cewa ko tsuntsaye sun san abu mai kyau. Da Suwaiba ta dawo ta ga akwati a buɗe, ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi a kan soro, ta dubi ungulayen, ta ce da su, "Ku yi haƙuri, bai nuna ba tukuna."

Saura wani babban yanki na wajen tozo da ya mayar cikin baho. Ana gobe rantire Illiya ya ciro shi ya ɗinka wa kansa jaka, ta ninka ta yara sau uku, da madauri biyu masu faɗi da ke gittawa a ƙirji su zagaya kafaɗu. Ya ce wannan ita ce ta shugaba. Ba ta samu hawa soro ba, don haka da safe tana nan ɗanya tana ɗiga.

Safiyar rantire iyaye da yara suka taru a ƙofar gidansa. Ya hau soro ya fara sauko da kaya. Ta farko ta kuɓuce masa ta faɗo ƙasa, ta yi ƙara ƙwal, kamar an yar da turmi. Duk sun tsuke, sun ƙanƙance, sun yi baƙi, sun murɗe. Murfin kowace ya manne da jikinta kamar bakin kunkuru. Madaurin ya ƙage, ko hannun jariri ba zai shiga ba.

Bahago ya ƙwanƙwasa ta ɗansa da ɗan yatsa. Ya ce, "Illiya, ta ina ake buɗewa?"

"Sekirite ke nan, tsaro. Ɓarawo ya gani ya haƙura. In mun isa lakwal zan nuna muku sirrin."

Ya sa farar shaddarsa ta sallah, ya rataya jakar shugaba a baya, ya ɗaure madaurin tamau a ƙirji, ya shige gaba. Yara suka biyo shi da jakunkuna a ka kamar masu tallan duwatsu. Bayan yara iyaye. Bayan iyaye karnukan unguwa, da na unguwar gaba, da wasu da ba a taɓa gani ba.

Mushe Isufu, wato Malam Isufu da Faransanci, direktan lakwal, yana tsaye a bakin ƙofa yana gaisawa da iyaye. Mutum ne mai haƙuri, ya yi shekara da shekaru yana karɓar yara, ya ga masu kuka, ya ga masu cizo, amma bai taɓa ganin ayari irin wannan ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Illiya ya miƙa masa hannu biyu. "Mushe Direkta, ka ga aikin ɗan ƙasa. Garanti har abada."

Direkta ya ce, "Madalla. To yara su fito da ardwaz da alli, malamai za su rubuta wa kowa ajinsa."

Jikokin Ramata suka zura hannu a leda suka fito da nasu. Sauran suka ajiye jakunkuna a ƙasa suka dubi Illiya.

Ya durƙusa gaban ta Mubarak. Ya sa farce, farce ya karye. Ya sa makulli, makulli ya lanƙwashe. Ya sa haƙori, ya ɗago da hawaye a ido.

"Sabuwa ce. Sai an lallaɓa ta."

Wani uba ya ce, "To lallaɓa ta da sauri, yarinyata na jira."

Bahago ya zaro wuƙar aikinsa, wadda ke raba ƙashin sa biyu, ya kafa a murfin ta ɗansa. Wuƙar ta zame ta kusa tafiya da babban yatsansa. Ya dubi bakinta ya ga ya dakushe, ya dubi Illiya. Kallon mahauci mai wuƙa a hannu ya fi zagi.

Illiya ya ce, "Girgiza take so." Ya ɗaga wata sama da hannu biyu ya maka ta da katangar aji. Katanga ta zubar da ƙasa. Jaka ko ƙwarzane. Amma daga cikinta kowa ya ji wani ƙara, ƙaras, sannan ƴan ƙananan ƙararraki suna bin juna.

Wata uwa ta dafe ƙirji. "Ardwaz ɗin ɗana ke nan!"

"Na sani. Yanzu ya zama biyu, ya ba ƙanensa ɗaya."

Ana cikin haka wani jan kare ya kutsa tsakanin ƙafafu, ya cafke jakar Mubarak, ya ja ta ya fita da gudu. Mubarak ya fashe da kuka, ranarsa ta farko a lakwal. Suwaiba ta ɗauke shi ta rungume, tana kallon mijinta ta saman kan yaron. Ba a jima ba karen ya dawo, ya ajiye jakar a inda ya ɗauka, ya koma gefe ya kwanta yana lasar baki yana kuka ƙasa-ƙasa.

Ramata ta ce, "Kun gani? Ko kare ya mayar. Illiya, kai kaɗai ne a garin nan ka yi abin da kare ya ɗauka ya dawo da shi."

Illiya ya share gumi. Ya ce, "Ruwa! Da ruwa aka rufe ta, da ruwa za a buɗe ta. Wannan kimiyya ce."

Direkta ya ɗaga hannu zai yi magana, amma Illiya ya riga ya kwashi jakunkuna ya antaya su cikin kwamin da ke ƙarƙashin famfon lakwal. Aka tsaya ana kallo. Yara ba su shiga aji ba, malamai suka fito, masu tallan bakin ƙofa suka shigo. Rana ta hau. Can ruwan kwamin ya fara sauya launi, ya yi shuɗi, ya yi ja, ya koma ruwan toka. Fatar ba ta yi laushi ba, amma ruwa ya sami hanyarsa ta ramukan basilla. Da ƙyar Bahago ya samu ya ɓamɓare gefen guda ɗaya da ƙarfen taya. Ya karkata ta. Abin da ya zubo ya yi kama da kunun da aka dama da tawada, bik biyu na iyo a ciki.

Nafi ta tsuguna ta ɗauki wani ɗan guntun bangon littafi mai hoton taswira. Ta gane shi. Ba ta yi kuka ba, ta je ta tsaya bayan uwarta.

Iyaye suka yo kansa. Wannan na cewa kaye goma, wancan na cewa littafin da ya aro, wata na cewa a kira ƴan sanda. Illiya ya so ya ɗaga hannu ya kwantar da su, irin yadda shugabanni ke yi. Hannun ya ƙi tashi.

Tun safe yake tsaye a rana da ɗanyar fata a baya. Yana ta fama da jakunkunan yara, tasa tana nata aikin a hankali. Madaurin ya tsuke, ya ja kafaɗunsa baya, ya matse damatsansa da haƙarƙari. Ƙirjinsa ya turo gaba, gwiwoyin hannunsa suka koma baya, ya zama kamar kazar da aka ɗaure za a kai kasuwa. Farar shaddar ta yi taswirar ruwan kasa daga wuya har gindi.

"Bahago," ya ce da ƙaramar murya, "ɗan sassauta mini nan."

Bahago ya zagaya shi, ya gwada cusa yatsa ƙarƙashin madaurin, bai shiga ba. Ya ce, "In na sa wuƙa, sai dai in haɗa da kai. Ni kuwa ban saba fiɗar abin da ke magana ba."

"To a zuba mini ruwa."

Ramata ta ce, "Kwami na nan. Shiga ka tarar da ƴan'uwanka."

Ya dubi kwamin, ya dubi jama'a. Numfashi na yi masa wuya. Ya taka a hankali, ya juya, ya zauna cikin ruwan tawada da kunun takarda har ƙirji, jakunkuna na yawo kewaye da shi. Yaran ajin farko, waɗanda ɗazu ke kukan rabuwa da uwayensu, suka manta da kuka suka kewaye shi.

Mushe Isufu ya buga ƙarfen da ake bugawa in za a shiga aji. Ya ce, "Jama'a, rana ta yi. Maganar kayan da suka lalace, ƙungiyar iyaye ce za ta zauna a kanta, ta ga yadda yaran nan za su sami abin rubutu kafin mako ya fita. Ƙungiya kuwa ba ta da shugaba. Tunda duk kuna nan, mu gama. Masu takara biyu ne. Ko ɗaya ya janye?"

Daga cikin kwami aka ji murya. "Ban janye ba! Ku duba da kyau, ko ɗaya ta yage? Ko ɗaya?"

Wata mata ta cire takalmi, aka riƙe ta.

Direkta ya ce, "To. Mai son Malam Illiya ya ɗaga hannu."

Ba hannun da ya tashi. Wasu suka sa hannu a aljihu don kada a yi kuskure. Wani da ke sosa kai ya sauke hannunsa da sauri. A cikin kwami ruwa ya fara motsi. Illiya ya yunƙura, ya cije leɓe, ya karkata dama, ya karkata hagu, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Yatsunsa kawai ke motsi a ƙarƙashin ruwa kamar ƴan kifi.

"Mushe Direkta, na ɗaga! A zuciya na ɗaga!"

"Hannu muke dubawa, Malam Illiya. Ban ga ko ɗaya ba. Mai son Inna Ramata?"

Hannuwa suka tashi kamar gero a gona mai taki. Har yaran da ba su da ƙuri'a suka ɗaga. Direkta yana bin layi da ido, sai ya tsaya kan Suwaiba. Ta sauke Mubarak, ta miƙe tsaye a gaban kowa, hannayenta duka biyu a sama.

Ya ce, "Madam, hannu ɗaya ake ɗagawa."

Suwaiba ta ce, "Ɗaya nawa ne, Mushe. Ɗayan na maigida ne. Tunda nasa ba ya tashi, ni na ɗaga masa."